Idan Jarumi Ya Tafi, Wa Ke Riƙe Shirin? Daga Samanja Zuwa Labarina

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya, da kuma masu cewa su karatu ya fi shigarsu.

Yau ma tarihi za mu taɓa, amma tarihin dariya. Bari in fara da abin da ya jawo maganar.

Ranar Lahadi 12 ga Nuwamba 2023, ina zaune a teburin mai shayi nan unguwarmu Rigasa, sai wani ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Innalillahi, Samanja ya rasu." Dattawa biyu da ke kan benci suka ajiye kofi suka ɗauki salati. Ɗaya har da cire hula yana shafa kai. Sai wani yaro mai gyaran waya, bai fi shekara 19 ba, ya ce, "Baba, wane Samanja? Na wane fim?" Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai dai sha shayinka, yaro."

Wallahi tambayar yaron nan ta tsaya mini a rai. Domin na san shi, idan ka taɓo masa Labarina zai lissafa maka wanda ya fita da wanda ya shigo da zangon da abin ya faru, bai yi tuntuɓe ba. Amma mutumin da ya shafe shekaru yana sa Arewa dariya daga nan cikin Kaduna, tafiyar da ba ta fi ta Keke Napep biyu ba daga inda muke zaune, bai taɓa jin sunansa ba. Laifin yaron ne? Ni ban ga laifinsa ba. Shirin ne ya tafi tare da mai shi.

To tambayarmu ta yau ke nan. Idan shiri ya daɗe ana yinsa, mutane sun saba da shi, sai babban jarumin ya tafi, ko ya ajiye da kansa, ko aka sallame shi, ko girma ya zo, ko ajali, me ke faruwa da shirin? Me ya sa wani shirin yake rushewa, wani kuma ya ci gaba kamar ba a yi ba?

Mu fara da gida.

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta su Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna. Shi ne daga baya aka raba, ɓangaren talabijin ya shiga ƙarƙashin NTA da aka kafa a 1977, ɓangaren rediyo ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna. A wannan gida aka yi renon wasan kwaikwayon Hausa na zamani tun kafin a san za a yi wani abu wai shi Kannywood. Nan su Yusuf Ladan suka yi Zaman Duniya Iyawa Ne. Nan su Ƙasimu Yero suka yi tashe. Nan kuma Usman Baba Pategi ya zama Samanja Mazan Fama.

Abin da yawancin matasa ba su sani ba, shi Samanja ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke Jihar Kwara a yau, an haife shi a 1942. Ya zo Kaduna yana matashi, ya yi aiki a gidan rediyo, da yaƙin basasa ya ɓarke sai ya shiga soja. Bai bar kaki ba sai 1985. Ka ga ke nan lokacin da yake fitowa a matsayin samanjan soja, ba labari aka ba shi ba. Ya yi fareti, ya sha tsawa, ya ga yadda samanja na gaske yake juya kurata kamar waina a tanda. Ita kanta kalmar samanja, ai sajan-manjo ce bakin Bahaushe ya murɗe.

A 1973 shirin ya fara. Ku riƙe wannan shekarar, domin tana da muhimmanci. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970. Kafin yaƙin sojan Nijeriya ba su fi dubu 10 ba, da aka gama sun kai wajen dubu 250. Bariki bai ishe su ba, sai ga soja na haya a cikin unguwanni, gida ɗaya da farar hula, famfo ɗaya, kasuwa ɗaya. Ga kuma mulki a hannunsu, tun 1966 har 1979, suka sake dawowa a ƙarshen 1983. Ita kuwa Kaduna dama garin soja ce tun da Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, ga runduna ta ɗaya, ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA da aka buɗe a 1964. Talaka yana ganin soja kullum, yana tsoronsa, ba shi da bakin magana.

Sai ga wani mutum a akwatin talabijin, cikin kaki, ya murtuke fuska, yana zazzare ido, yana daka wa kurata tsawa, yana haɗa Hausar bariki da Turancin buroka a jimla ɗaya, ga shi kuma in ya koma gida ko ya shiga gari sai ka ga shi ma ɗan Adam ne, ana yi masa wayo, yana kwafsawa, yana borin kunya. Mutane suka samu damar yi wa kaki dariya ba tare da an sa su tsallen kwaɗo ba. Su kansu sojojin suna kallo suna dariya, domin kowa ya san wani samanja irin wannan a barikinsu. Shi ya sa daga baya shirin ya fita daga Kaduna ya shiga tashoshin NTA na ƙasa, har wanda ba ya jin Hausa yana kallo, albarkacin burokan nan.

Ni na riski shirin ina ɗan ƙarami. A layinmu gida ɗaya ne mai talabijin, baƙi da fari, mai ƙofar katako da ake zugewa. In lokaci ya yi sai maigidan ya sa a fito da ita tsakar gida a ɗora kan tebur, mu yara a ƙasa kan tabarma, manya a baya. Wanda bai wanke ƙafa ba ba ya shiga. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, salatin da za ka ji a layin kamar an yi rasuwa. Kuma abin da na lura da shi tun a lokacin, ba wanda ke cewa "zo mu je kallon wasan soja." Cewa ake "Samanja ya fito."

To a nan gizo ke saƙar. Sunan shirin sunan mutumin ne. Muryar tasa ce, harshen nasa ne, rayuwar barikin da ake wasa da ita shi ya rayu a cikinta. Yawancin wasannin wancan zamani ba a rubuta su kalma bayan kalma kamar yadda ake yi yanzu. A zauna a tsara yadda labari zai tafi, sauran kuma ɗan wasa ya cike da basirarsa a gaban kyamara. Wannan shi ya sa wasannin suke da rai, ba ka jin ƙamshin takarda a bakinsu. Amma kuma shi ya sa ba su gaduwa. Abin da ke cikin kan mutum ɗaya, in ya tashi da shi yake tashi. Da girma ya zo wa Usman Baba Pategi, ga rashin lafiya, ba a samu wani an sa masa kaki an ce ga sabon Samanja ba. Da ma an yi, wa zai karɓa? Mutumin bai mutu ba sai 2023, yana da shekara 81, amma shirin ya riga shi kwantawa da daɗewa.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ku duba jerin: Karkuzu a Jos, Golobo a Sakkwato, Ƙasimu Yero da Karambana a nan Kaduna, wanda ya rasu a Satumban 2017. Kowannensu shiri ne mai tafiya da ƙafa biyu. Da zamanin bidiyo ya zo, aka maimaita abin da Rabilu Musa Ibro. Shekara da shekaru kasuwar finafinan barkwanci a kan sunansa take, Ibro kaza, Ibro kaza, ko me aka liƙa wa sunan sai ya sayu. Da ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, an samu masu ban dariya da yawa bayansa, wasunsu ma abokan wasansa ne, amma kujerar nan har yau ba wanda ya zauna a kai.

Yanzu mu sauka Legas mu ga wani tsarin dabam, domin a gane bambancin.

A 1968 aka fara wani shiri mai suna The Village Headmaster, wanda Olusegun Olusola ya ƙirƙira. Labarin hedimasta ne a wani ƙauye da ake kira Oja, da sarkin garin da fadawansa da 'yan gulmarsa. Shirin ya kai har 1988, wato wajen shekara 20. A tsawon wannan lokaci mutum uku suka riƙe matsayin hedimasta: Ted Mukoro, sai Femi Robinson, sai Justus Esiri. Babban jarumi ya tafi sau biyu, shirin bai faɗi ba. Me ya sa? Saboda hedimasta kujera ce. Kowa ya san ana yi wa malamin makaranta canjin wurin aiki, wani ya tafi wani ya zo, sarki goma zamani goma. Mai kallo bai ji an raina masa hankali ba. Ƙauyen yana nan, sarki yana nan, 'yan gulma suna nan, sai ma aka samu sabon labari: yaya garin zai karɓi baƙo?

Ku kwatanta da Papa Ajasco na kamfanin Wale Adenuga, wanda na san da yawanku kun kalla kuna yara. Mutumin nan mai sanƙo da tumbi, Abiodun Ayoyinka ne ya fara fitowa a matsayinsa. Da ya bar shirin aka kawo Femi Ogunrombi, aka aske masa kai, aka sa masa irin kayan, aka ce ga Papa Ajasco. Shirin ya ci gaba, domin dama daga zanen barkwanci na mujalla aka ɗauko shi, kamannin sun riga ɗan wasan zuwa duniya. Amma daga baya Ayoyinka ya dawo ya karɓi abinsa. Kuma ku ji wani abu: da Ogunrombi ya rasu a Janairun 2023, labari ya bazu cewa Papa Ajasco ya mutu, mutane suka yi ta yaɗa hoton Ayoyinka suna ta'aziyya, sai da ya fito da kansa ya ce yana raye. Wato a zuciyar masu kallo, duk shekarun da na biyun ya yi, fuskar farko ce Papa Ajasco.

Ko a Amurka, inda ake zuba kuɗi kamar ba a so, ba su tsira ba. Akwai shirin barkwanci mai suna Two and a Half Men. A 2011 suka kori babban jaruminsu Charlie Sheen bayan rigima da mai shirin. Sai suka kashe shi a cikin labari, suka kawo Ashton Kutcher a matsayin wani mutum dabam. Ranar da aka nuna fitowar farko ba shi, mutum wajen miliyan 28 suka kalla, adadin da shirin bai taɓa samu ba. Amma yawancinsu gulma ce ta kawo su, a ga yadda za a yi. Daga nan masu kallo suka yi ta raguwa har aka rufe a 2015. Haka shirin The Office, Steve Carell ya tafi a 2011, aka yi ta jarraba wannan da wancan a kujerarsa, zango biyu kawai aka ƙara aka naɗe tabarma a 2013. Darasin a nan, cincirindon ranar farko ba shi ne hukunci ba. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Yauwa, mu dawo gida, zamaninku.

Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ba da daɗewa ba ta kawo Daɗin Kowa. Ku lura da sunan. Ba a ce Kamaye ba, ba a ce Malam Nata'ala ba, ba a ce Sallau ko Nazir ko Alawiyya ba. Sunan gari aka sa. Gari kuwa ana haihuwa a cikinsa, ana mutuwa, ana tafiya ci-rani, ana yin aure a bar unguwa, baƙi suna sauka. Duk wanda ya bi shirin nan shekara da shekaru ya san fuskoki nawa suka ɓace, wasu aure, wasu wani aikin, wasu rasuwa, kamar wanda ya fito a Kawu Mala da Allah ya yi wa rasuwa a 2023. Ana jin zafin rashin, amma garin bai tashi ba, domin ba gida ɗaya ne ke ɗauke da labarin ba. In an rufe ƙofar wannan gida, kyamara ta leƙa maƙwabta. Ga marubuta a zaune suna rubutawa, ga kamfani da ke riƙe da shirin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su kuwa hannuwa da yawa suka sa tun farko.

Sai Labarina na Malam Aminu Saira, wanda ya fara a 2020. Na san ba shirin barkwanci ba ne zalla, duk da Baba Ɗan Audu ya ishe ka dariya, amma ba inda matasanmu suka ga wannan abu ƙuru-ƙuru kamar nan. Labarin farko a kan Sumayya aka gina shi, Nafisa Abdullahi ce Sumayya, ita ake so, ita ake rigima a kanta, Mahmud da Presido da Lukman duk ita suke zagayawa. Sai a ƙarshen 2021 ta sanar cewa ta fita daga shirin, ta ce harkokinta sun yi mata yawa. Ga Nuhu Abdullahi da ke fitowa a Mahmud shi ma ya bar shirin. Ginshiƙai biyu ke nan.

Ku duba abin da masu shirin suka yi, domin duk dabarun da muka lissafa a baya sun jarraba su. Mahmud, aka kashe shi a labari. Sumayya, aka ɗan ɓoye ta, daga baya aka kawo Fati Washa aka ce ita ce. Na tuna musun da aka yi ta yi a majalisarmu a nan Rigasa. Wani abokina tela ya rantse ya daina kallo, ya ce shi ba za a mayar da shi yaro ba, jiya ga Sumayya yau a nuna masa wata a ce ita ce. Wani kuma ya ce ai labari ake bi ba fuska ba. Ƙanwata kuwa cewa ta yi, "Yaya, ni ba na jin haushin Fati Washa, ta iya wasa. Amma duk kukan da na yi a baya, da waccan na yi shi." Wannan magana tata ta fi duk wani sharhi da na karanta. Shekara biyu kana shiga damuwar mutum duk mako, kun saba. Sabo ake yi wa kuka, in ji Hausawa, ba mutuwa ba. Sabuwar jaruma ko ta fi ta farko iyawa, ba ta gaji wannan sabon ba, sai ta gina nata daga tushe.

Daga ƙarshe me aka yi? Aka rufe wancan labarin gaba ɗaya, aka buɗo sabo fil da sababbin mutane, Sadiq Sani Sadiq ya zo a matsayin Mainasara, sunan shirin bai canja ba. Kuma jama'a suka dawo, har da abokina tela mai rantsuwa. A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi duka. Sunan Labarina ba na Sumayya ba ne, kowa yana da labarinsa. Sai masu shirin suka cire nauyin daga kan jaruma ɗaya suka mayar da shi kan sunan shirin da hannun mai ba da umarni. Yanzu ko wa ya tafi, ana iya rufe babi a buɗe wani.

To in muka tattara, me tarihin nan ya nuna? Ranar da jarumi ya tafi ba ita ke yanke wa shiri hukunci ba. An riga an yanke tun ranar da aka zauna aka tsara shi, aka zaɓi inda za a ɗora nauyinsa. In a kan mutum aka ɗora, kamar Samanja da Ibro, to ranar da ya tafi an gama. In a kan kujera ne, kamar hedimastan Oja, wani zai zo ya zauna. In a kan gari ne ko gida, kamar Daɗin Kowa, sai a yi ta'aziyya a ci gaba. Ku gwada wannan ma'auni a kan Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, wanda shi barkwanci ne tsantsa. 'Ya'yan gidan suna da yawa, in ɗaya bai fito a wani zango ba gidan yana nan da rigimarsa. Amma ku tambayi kanku, in babu shi Alhaji Badamasin da kowa ke harin dukiyarsa, me ya rage a yi wa faɗa?

Sai dai kar ku ɗauka ina cewa tsarin su Samanja kuskure ne. A'a. Shirin da aka gina kan mutum ɗaya yana kaiwa inda shirin taron dangi ba ya kaiwa. Shekara 50 da fara shirin, dattijo ya cire hula a teburin mai shayi saboda an ce Samanja ya rasu. Shiri nawa ne na yau za a yi wa haka? Irin waɗannan mutane ba a ƙera su a ɗakin marubuta, Allah ne ke kawo su. Abin da ke hannunmu shi ne abin da muke yi da su suna raye, da abin da muke adanawa in sun tafi.

Kuma a nan ne abin yake ci mini rai. Daren da aka yi rasuwar na ce bari in nuna wa yaron nan mai gyaran waya ko wane ne Samanja. Na shiga YouTube na yi ta nema. Abin da na samu 'yan gutsattsari ne, hoto ya dushe, murya na shaƙewa, sai hirarrakin da aka yi da shi bayan ya tsufa. Mutumin da ya yi shekaru yana fitowa a talabijin. Su kuwa waɗancan na Amurka da na ambata, duk fitowa ɗaya tana nan a adane, yaron da aka haifa bayan an rufe shirin zai iya kallo daga farko har ƙarshe, kuma masu shi suna cin kuɗinsa har gobe. Jaruminsu ya tafi sau ɗaya. Namu sau biyu yake tafiya, ya bar shiri, sannan shirin ma ya ɓace.

Saboda haka ina da roƙo guda uku, kuma ga matasa nake yi, musamman masu ɗora 'yan wasannin barkwanci a TikTok da YouTube, don na san a Rigasa kaɗai ba a rasa ƙungiya a kowane layi, daga Hayin Ɗanmani har bakin tashar jirgin ƙasa.

Na farko, in kuna da tauraro a cikinku, ku gode wa Allah, amma ku gina mutane a gefensa. Ku ba na kusa da shi labarinsu, su ma a san su. Ranar da ya samu wata dama ya tafi Kano ko Abuja, ko kuka saɓa a kan kuɗi, kar a ce tashar ta mutu.

Na biyu, ku rubuta. Ku rubuta labarin, ku kuma rubuta yarjejeniya tsakaninku tun ba a fara samun kuɗi ba: wa ke da sunan shirin, wa ke da tashar, nawa ne rabon kowa, in mutum zai fita wata nawa zai ba da sanarwa. Abota ba ta hana takarda. Yawancin fitar da ke kashe shiri ba ta zuwa da sallama, tsakiyar labari take faɗowa.

Na uku, ku adana. Kar ku dogara da waya ɗaya ko shafi ɗaya da za a iya rufewa gobe. Kuma duk wanda ya san akwai tsohon kaset na Samanja ko Karkuzu ko Karambana a cikin akwatin babansa ko kakansa, don Allah kar a bari ƙura da zafi su cinye shi. A nemi masu juya kaset zuwa kwamfuta a juya. Waɗanda ke aiki a gidajen talabijin da rediyo kuma, in akwai abin da ya rage a ɗakunan ajiya, a taimaka a fito da shi mutane su gani.

Shi yaron mai gyaran waya, na nuna masa ɗan abin da na samu. Ya kalla, ya yi murmushi da Samanja ya juya harshe zuwa buroka yana balbale wani kurtu da faɗa. Da ya ƙare sai ya ce, "Yaya, ina ci gaban?" Na ce masa iyakarsa ke nan.

Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, da Ƙasimu Yero, da Rabilu Musa Ibro, da duk waɗanda suka sa mu dariya suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya sa dariyar da suka ba mu ta zama sanadin rahama a gare su.

Ku kuma ina son in ji daga gare ku. Wane shiri kuka daina kallo saboda wani ya fita? Wane ne kuma aka canja kuka ga na biyun ya fi? Wanda ya riski Samanja a talabijin, ya ba mu labarin gidan da yake zuwa kallo. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.